Voyager 1 har yanzu yana aiko da saƙo

Labarin kumbon Voyager 1, wanda har yanzu yake aiko da saƙo daga sararin samaniya, ya taɓa ni, wallahi. Tun 1977 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba kumbon, a 2012 ya fice daga iyakar da iskar rana (ƙwayoyin da rana ke fesowa) ke kaiwa, yanzu ya yi nisan sama da kilomita biliyan 24. Saƙo kan shafe sama da awa 23 kafin ya isa gare shi, amsa ma haka. Duk da wannan nisa, a 2024 injiniyoyi suka gyara kwamfutarsa daga nan duniya, kwamfutar da wayar hannu mai arha a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ta fi ta ma'adanar bayanai nesa ba kusa ba. Malamanmu na kimiyya a makarantun Kano, don Allah ku kai wa ɗalibai wannan labari aji.