Janar Slim, wanda ya fara yaƙar sauro kafin ya juya kan Japanawa

Duk wanda ya san Barikin Chindit a Zariya ko Kalapanzin a Kaduna, sunayen yaƙin Bama yake faɗa, ko ya sani ko bai sani ba. Kakanninmu da suka je can a ƙarƙashin William Slim suka yi yaƙi, kuma a ganina babu janar ɗin Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu da ya kama ƙafarsa, har Montgomery da ake ta zuzutawa.

Ya shiga soja a 1914, aka harbe shi a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma riƙe muƙamin shugaban hafsoshin sojan ƙasa daga 1948 zuwa 1952. A 1942 Japanawa suka fatattake shi daga Bama zuwa Indiya, tafiyar kusan mil 900, sojoji cikin tsumma, ga damina ta sauka.

Da aka ba shi Runduna ta 14 a 1943, sai ya duba lissafin asibiti. Duk soja ɗaya da aka kwantar saboda rauni, kusan 120 ciwo ne ya kayar da su, galibi zazzaɓin cizon sauro. Magani akwai, ƙwayar mepacrine, amma tana mayar da fata ruwan ɗorawa, ga jita-jitar tana kashe mazakuta, don haka sojoji zubar da ita suke yi. Slim bai tsaya wa'azi ba. Ya sa a riƙa gwada bataliya kwatsam, in waɗanda suka sha ba su kai kashi 95 cikin 100 ba, kwamandan ne zai tafi. Uku kawai ya sallama, sauran suka shiga taitayinsu. Rana na faɗuwa a sauke hannun riga, ba gajeren wando. Ya kuma kafa wuraren jinya dab da fagen daga, mai zazzaɓi ya koma bakin aiki cikin mako uku maimakon watanni a Indiya.

Sai abinci. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda kakanninmu ke ciki, ta shiga kwarin Kaladan a Bama inda mota ba ta bi, ta sama ake jefo musu abinci da harsashi, 'yan dako su ɗora a ka su keta daji. Da lemar jefo kaya ta yi ƙaranci, ya sa aka ɗinka wata da zaren buhu a Kalkata.

Abin da ke ci mini rai, Slim ya zama Gwamna Janar na Ostireliya a 1953, su kuwa 'yan dakon nan da suka ɗauki yaƙin a kawunansu, kuɗin sallamar da aka ba su bai kai na baturen soja mai muƙami ɗaya da su ba.