Sikelin da ya gyara wa masana ƙwayar zarra lissafi

Duk lokacin da aka tashi yabon kimiyyar nukiliya, masu ƙirƙiro ka'idoji ake ambata. Masu awo kuwa, waɗanda ke kwana suna auna nauyin ƙwayar zarra, ba a cika tuna su ba. A ganina wannan rashin adalci ne.

A 1949 Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen suka bayyana cewa furoton da niyutiron da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra suna zaune ne ɓawo-ɓawo, kamar albasa. Idan ɓawo ya cika, wato adadi ya kai 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko 126, sai cibiyar ta yi ƙarfi ta zauna daram. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 1963, lambobin kuma suka shiga littattafan ɗalibai kamar an sassaƙa su a dutse.

Sai ga 1975. A CERN, cibiyar binciken ƙwayar zarra da ke kusa da Geneva, Catherine Thibault da abokan aikinta suka auna nauyin sodiyam mai niyutiron 20, ƙwayar da ba ta ko kai ƙiftawar ido a raye. Awon ya nuna ta ɗaure da ƙarfi fiye da yadda lissafin da ya ɗauka ɓawon 20 a cike yake ya hango. Ashe idan niyutiron suka yi wa furoton yawa, lambar 20 ba ta riƙe matsayinta. Sirrin a nan shi ne, ƙarfin da ke ɗaure cibiya yana rage mata nauyi, kamar yadda lissafin Einstein ya nuna. Don haka wanda ya san nauyi daidai, ya san yadda aka ɗaura ta daga ciki.

A 2013, a sashen ISOLDE na CERN ɗin dai, aka auna kalsiyam 53 da 54, wato masu jimillar furoton da niyutiron 53 da 54. Ana sakin ƙwayoyin su yi ta kai da komo tsakanin madubin lantarki biyu, mai nauyi ta makara, mai sauƙi ta riga ta, daga nan a gane nauyin kowace. Sakamakon ya ƙarfafa cewa 32 ma lamba ce ta cikar ɓawo a irin waɗannan ƙwayoyi masu yawan niyutiron, abin da babu shi a tsohon jerin.

Masu cewa ana zuba maƙudan kuɗi a banza suna da hujjar tambaya, domin awon ba ya kawo magani ko wuta gobe da safe. Amma zinariyar da ake auna wa mata a kasuwa, masana sun nuna a irin waɗannan ƙwayoyi masu tarin niyutiron ake haifar ta, kamar a karon taurari biyu na niyutiron da aka hango a 2017. Ba za a iya lissafa yawan zinariyar da irin wannan karo ke fitarwa ba sai an san nauyin ƙwayoyin, kuma yawancinsu har yau ba wanda ya ɗora su a sikeli. Irin wannan aiki na cikin dalilan da Amurka ta buɗe FRIB, cibiyar binciken irin waɗannan ƙwayoyi, a Michigan a 2022.