"Likita, kada ka gaya wa Baba"

'Yan uwa, akwai wata magana da ake yi cikin raɗa a ƙofar ɗakin majiyyata, wadda nake so mu fito da ita fili. Sakamakon gwaji ya fito, cutar mai nauyi ce, sai babban ɗa ya ja likita gefe ya ce: "Likita, don Allah kada ka gaya wa Baba. In ya ji, shi ke nan." Daga nan a haɗa baki. A ce masa gyambon ciki ne, ko ƙarancin jini, ko "ba su ga komai ba, gajiya ce kawai". Kowa ya san sankara ce, har surukai da abokan aiki, sai mai jikin kaɗai.

A ganina wannan kuskure ne, duk da na san ƙauna ce ke jawo shi. Wanda ya zauna yana kallon mahaifinsa na ramewa, babu abin da ba zai yi ba don ya rage masa raɗaɗi. Sai dai jikin nasa ne, kwanakin da suka rage ma nasa ne, kuma kyakkyawar niyya ba ta ba mu ikon mu tsara masa su a bayan idonsa.

Abin ya daɗe a duniya, kuma ko sarakuna bai bari ba. A 1951 likitoci suka cire wa Sarki George na 6 na Ingila huhunsa na hagu ba tare da sun faɗa masa sankara ce ba, ya rasu a Fabrairun 1952. Sarkin Japan, Hirohito, an yi masa tiyata a 1987, aka ɓoye masa sunan cutar har ya rasu a Janairun 1989. A 1961 wani likita mai suna Donald Oken ya tambayi likitoci 219 a birnin Chicago na Amurka, kashi 90 cikin 100 suka ce sun fi son kada su gaya wa mai sankara abin da ke damunsa. Da aka maimaita tambayar a wani bincike da aka wallafa a 1979, kashi 97 cikin 100 suka ce faɗa suke yi. Shekara 18 kacal tsakani.

Me ya juya su haka? Magunguna sun ƙaru, an sami zaɓi, kuma ba yadda za a yi mutum ya zaɓa bai san me ake ciki ba. Sannan a 1972 asirin binciken da gwamnatin Amurka ta yi a garin Tuskegee ya tonu, inda aka shafe shekara 40 ana kallon baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere, ana ce musu "jininsu ne ba shi da kyau", ba a ba su maganin penisilin ba ko bayan da ya samu. Ba ina haɗa ɗan da ke tausayin ubansa da waɗannan ba ne, Allah ya kiyaye. Amma daga nan jama'a suka gane hatsarin barin wani ya riƙa yanke abin da ya kamata ka sani game da jikinka.

Abin da ya fi damuna shi ne, majiyyacin kusan kullum ya sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yana jin yadda rigarsa ta yi masa yawa. Yana ganin 'yarsa ta fita "amsa waya" ta dawo ido jajur. Yana lura da yadda hira ke tsinkewa da zarar ya buɗe ido, da yadda dangin da suka shekara ba su leƙo ba suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗa lissafinsa tsaf, amma da ya ga kun ɗaure fuska kuna cewa "ai sauƙi na samuwa", sai shi ma ya ce "alhamdulillahi, da sauƙi", don kada ya ɗaga muku hankali. Kuna ɓoye masa, yana ɓoye muku. Ga mutane cike da ɗaki, amma tsoron da ke cin sa cikin dare babu wanda zai faɗa wa. Wannan kaɗaici mu ne muka jefa shi ciki, da sunan tausayi.

Ku duba kuma abin da ake hana shi. Za a miƙo takardar amincewa da tiyata ko da maganin sankara mai zubar da gashi da sa amai, ya sa hannu yana zaton gyambo ake yi wa magani. Wace irin amincewa ce wannan? Wataƙila da ya sani, zai ce a gwada duk abin da za a iya. Wataƙila kuma zai ce a'a, a rage masa zafi, a mai da shi gida cikin iyalinsa, kada a ƙarar da abin da ya tara wa yara. Akwai bashin da shi kaɗai ya san da shi, da amanar wani da ke hannunsa, da wasiyya, da ɗan'uwan da suka daɗe ba sa ga maciji yana so su yafi juna. Duk waɗannan suna buƙatar mutum yana da sauran ƙarfi da hankali. In aka jira sai ya daina magana, an makara. Kuma mata da tsofaffi su suka fi shan wannan: a yi wa miji ko 'ya'ya bayani dalla-dalla, ita mai ciwon tana zaune a kan gado kamar ba da ita ake ba.

Na san amsar da za a ba ni: zai karaya, karaya kuwa tana kisa. Gaskiya ne labarin yana girgiza mutum, wani ya yi kwanaki bai iya cin abinci ba. Amma akwai wani bincike da aka wallafa a 2010, wanda aka yi a birnin Boston na Amurka kan mutum 151 masu sankarar huhu da ta bazu. Waɗanda aka haɗa tun farko da ƙwararrun rage raɗaɗi, masu zama da majiyyaci su tattauna halin da yake ciki da abin da yake so, sun fi samun natsuwa, baƙin ciki mai tsanani ya fi ƙaranci a cikinsu, kuma sun rayu kimanin wata 11 da rabi, sauran kuwa kimanin wata 9. Binciken ya shafi kulawar ce gaba ɗayanta, amma ya isa ya nuna cewa magana a fili ba ta gajarta musu kwana ba.

Yadda ake faɗa shi ne babban aiki. Likitan da zai tsaya a tsaye, fayil a hannu, ya jefa wa mutum "wata uku ya rage maka" ya wuce, ya yi zalunci, kuma ya faɗi abin da bai sani ba, don babu likitan da ya san ranar wani. Likitan kirki zama yake yi. Ya fara tambaya: "Baba, me ka fahimta game da ciwon nan?" Sannan: "Kana so in yi maka bayanin komai, ko ka fi so in yi magana da wani naka?" Yarjejeniyar Oviedo ta ƙasashen Turai, ta 1997, ta rubuta cewa mutum yana da haƙƙin sanin halin lafiyarsa, kuma in ya ce ba ya son sani, a mutunta hakan. In Baba ya ce "yi magana da babban ɗana", magana ta ƙare, shi ya zaɓa. Abin da nake ƙi shi ne a zaɓa masa ba a ko tambaye shi ba.

Akwai inda dole wani ya tsaya a madadin majiyyaci, kamar wanda ya suma ko wanda tsufa ya ruɗa masa tunani. A nan ma abin da za a bi shi ne abin da shi zai so, kuma dangi ba za su san shi ba sai in ya taɓa faɗa. Shi ya sa ni na riga na gaya wa iyalina tun ina da lafiya: in aka ga wani abu a jikina, a gaya min, a gaya min da wuri, kuma ina so su kasance a ɗakin lokacin da likita zai yi bayani.