Biskit ɗin tamowa ba kayan teburi ba ne

To, kun dai ga hoton da na saka jiya. Ba sai na faɗi tashar ba, duk ɗan Maraɗi ya gane wurin. Plumpy'Nut, abincin jinyar yara masu tamowa, a jere kan teburin mai shayi, tsakanin madara da sukari, ga wani ƙato ya matse shi cikin burodi yana lumshe ido. Na ce masa, malam, ka san na wa kake ci? Ya ce da kuɗinsa ya saya. Madalla, Allah ya ƙara ƙiba.

Jama'a, wannan abu magani ne. Magani! Iyaye mata suna ce masa biskit don yara su karɓa, amma sunan bai mai da shi kayan kwaɗayi ba. Leda ɗaya giram 92 ce, gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, an auna ta ne don yaron da aka ɗaura wa ma'auni a dantse ya nuna ja, ƙasa da milimita 115. A likita ƙirga ledojin ake yi daidai nauyin yaro, a ba uwa na mako guda. Duk wadda ta iso teburin mai shayi, daga bakin wani yaro aka zare ta.

Na san masu sharhi. Wai talauci ne. Talaucin wa? Uwar da ta sayar da leda biyu don ta sayi tiyar gero ma sauran ƴaƴanta, ita ban da bakin zaginta, Allah ya san halin da take ciki. Amma kwali sukutum ba daga zanen uwa yake fita ba. Mai loda shi a mota ya nufi Ɗan Isa har Jibiya a Najeriya ba yunwa ke damunsa ba. Wasu kuma wai kayan Turawa ne, na banza ne. Tunda na banza ne, sai ku je ku sha allurar rigakafi ma da shayi.

Wallahi mun cika mantuwa. A 2005 nan garin ne ƴan jaridar duniya suka cika suna ɗaukar hoton ƴaƴanmu, ƙashi da fata. A shekarar ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 a Nijar, mafi yawansu a jihar nan. Wannan ledar ce ta sa uwa daga Madarunfa ko Gidan Runji ta iya jinyar ɗanta a ɗakinta, ba sai ta kwana wata guda a asibiti ta bar gona ba. Yanzu ga damina, rumbu ya ƙare, sauro ya taso, lokacin da gadajen yara ke cika ke nan. Kuma kowa ya ji masu ba da tallafin suna janye hannu. Abin da ya rage shi muke shafawa a burodi.

Abin da ma ke ba ni haushi, gyaɗa ce fa. Garin da ya yi suna da cinikin gyaɗa tun zamanin Faransa, kakanninmu sun loda buhuna har sun gaji. Yau ƙuli-ƙuli mai kyau ma sai ka yi cigiya. Wanda na saya ranar Juma'a kamar tsakuwa, saura kaɗan ya cire mini haƙori.