Tsige gwamna wuya ne a takarda kawai

Wai wani marubuci yana cewa tsige gwamna abu ne mai wuya saboda sashe na 188 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce sai biyu bisa uku na majalisar dokokin jiha sun yarda, sannan babban jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai su yi bincike. Haba malam, mu ƴan Jos ba labari aka ba mu ba, a 2006 ƴan majalisa shida kacal cikin 24 suka tsige Joshua Dariye, gwamnan jihar Filato na lokacin, sai da Kotun Ƙoli ta ce aikin banza ne a 2007, lokacin wa'adinsa saura ƙiris. Kuma wane laifi ne babba da ya isa a tsige gwamna, kundin ya bar wa majalisar ta yanke da kanta. Mai cewa doka ta wadatar, wa aka hukunta cikin shidan nan?