Kalandar da za ta yi wa mutumin Kebbi amfani

A nan Jamus, ɗalibin da aka ce ya rubuta manhajar nuna kalandar wata bai da wata damuwa mai yawa. Mako yana farawa Litinin, kalanda ɗaya ce, shi ke nan. Ƙannenmu da ke koyon kwamfuta a Birnin Kebbi da Aliero sukan kwafi irin wannan tsari yadda yake, ni kuwa a ganina aikinsu ya fi haka faɗi.

Tushen aikin ɗaya ne ko'ina. Ka san kwana nawa ne a watan, ka san ranar da 1 ga wata ta faɗo, ka bar gurbi kafin ta, sannan ka sauka sabon layi duk bayan gurbi bakwai. Fabrairu ce ke kayar da mutane: a shekarar da lambarta ta rabu da 4 ba tare da saura ba tana da kwana 29, sai dai in ta rabu da 100 ba ta rabu da 400 ba. Shi ya sa 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba.

Gwada manhajarka da Maris 2025. Ranar 1 ta faɗo Asabar. In makonka daga Lahadi yake farawa, kamar yawancin kalandun bangon gidajenmu, gurbi shida za ka bari, watan kuma ya ci layi shida. Wanda ya tsara layi biyar kawai, 30 da 31 sun ɓace masa. A kula kuma, cikin harsunan rubuta manhaja, Python na ba Litinin lamba 0, JavaScript kuwa Lahadi yake ba 0, har watan Janairu ma 0 ne a wurinsa. Wajen taƙaita sunayen ranaku a kan shafi, haruffa biyu ba su isa ba, domin Lahadi da Laraba duk "La" za su fito. Sa uku: Lah, Lit, Tal, Lar, Alh, Jum, Asa, kowane gurbi ya ci faɗin harafi huɗu.

Inda muka rabu da Turawa shi ne watan Musulunci. Dattijo a Argungu ko Gwandu da za a nuna wa kalanda, abin da zai fara tambaya shi ne yau nawa ga wata. Lissafin Hijira da ake sakawa a manhaja yana juya watanni tsakanin 30 da 29, da ƙarin kwana a shekara 11 cikin kowace 30. Wasu kuma suna ɗauko kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya. Amma mu ganin wata muke bi, sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato, don haka lissafi kan saɓa da kwana ɗaya. Maganinsa, a sa wurin da mai amfani zai ƙara ko ya rage kwana da hannunsa, a adana gyaran na kowane wata daban, kada gyaran Sha'aban ya tura Ramadan gaba. A kuma fito da shafin Juma'a da launi na dabam, a rubuta ƙaramar lambar Hijira ƙarƙashin ta Miladiyya.