Shaiɗan bai taɓa ce min in yi sata ba, cewa ya yi in ara

Daren jiya a fadarmu, ana kan shayi na biyu, aka ɗauko zancen manyan da ke cinye kuɗin ƙasa. Kowa ya zage ya tsine. Ni dai na riƙe kofina na yi shiru, har wani ya ce ko ina da ɗan'uwa a cikinsu ne. Ba ni da kowa. Abin da na yi da hannuna a 2023 ne ya ɗaure min baki, kuma yau na ga gara in faɗe shi.

Yayana yana aikin gini a Tamanrasat. Wanda ya san yadda ƴan Damagaram ke neman kuɗi a Aljeriya ya san kowace dala da zufa ake samunta, ga ɓuya, ga fargabar a kwaso mutum a watso shi Asamaka, bakin iyakar Nijar. Ya aiko min jikka 400 in saya masa siminti da bulo, a fara ɗaga katanga a filinsa. Kuɗin sun iso ana gab da Babbar Salla, butik ɗina a Kasuwar Dole kuwa ya yi ƙasa. Sai zuciya ta ce: ai mai gini bai shirya ba tukuna, ɗauki jikka 60 ka ƙaro shinkafa da sukari, kafin sati biyu ka mayar. Na ɗauka. Kwana uku bayan haka na ƙara ɗaukar 70 na sayi rago. Ku duba fa, ragon layya, ibada, da kuɗin amana. Wallahi ko sau ɗaya kalmar sata ba ta zo min a rai ba. Aro nake kiransa, kuma barcina nake yi lafiya lau.

Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Nijar. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, kayan da ke shigo mana daga Kano ta Matamai da Magariya suka yi wuya. Siminti ya hau, ciniki ya mutu, masu bashina suka ɓace. Abin da ya rage a hannuna ya kasa sayen abin da zai saya wata guda baya. Daga nan ƙarya ta karɓi aiki. Ya kira, in ce babu rezo. Ya ce in turo hoton katanga, in ce mai gini ya tafi gona. Wata biyu ina haka, in na ga lambar Aljeriya gabana ya faɗi. Ranar da na gaji na faɗa masa gaskiya, bai zage ni ba. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ƙanena, da ka tambaye ni ai da na ba ka." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Moto na sayar na cika masa.

Maganar tasa ita ce ma'aunin da nake amfani da shi har yau. In da gaske aro ne, me ya hana ka kira mai shi kafin ka taɓa? Wayar tana aljihunka. Abin da ya hana ka kiran, shi ne ainihin sunan abin da kake shirin yi.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, kada mu yaudari juna. Uwar adashe da ta taɓa zubin mata don bikin ƴarta, da niyyar cikawa kafin ranar kwasa. Ma'ajin masallaci da ya juya kuɗin gyaran rufi ya sayi gero da kaka, wai ya sayar da damina ya mayar da uwar kuɗi, riba ta zama tasa. Yaron shago da ke zarar dala 20 kullum yana cewa ai za a cire a haƙƙinsa. Duk cikinsu babu wanda ya tashi da safe da niyyar cin amana, mafi yawansu ma a sahun gaba suke salla. Mai buga gindin tiya don ta rage cin hatsi, wannan ya san abin da yake yi, nasa daban ne. Wanda nake tsoro shi ne mutumin kirki mai kyakkyawar niyya da kuɗin wani a aljihu.

Na san za a ce talauci ne. Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsanani, a garin da ko ruwan sha sai ka saya a bido in bazara ta yi. Ba na raina yunwar kowa. Amma ni da na yi, ba yunwa ce ta sa ni ba. Kunyar a ce ban yanka rago ba ce. Yawancin abin da muke kira dole, in ka tone shi, idon mutane ne.

Abin da na koya game da kame kai bai yi kama da abin da nake zato ba. Da ina ganin mai gaskiya shi ne mai ƙarfin zuciya, wanda kuɗi za su kwana a ƙarƙashin matashinsa bai taɓa ba. Wataƙila akwai irinsu. Ni na gwada kaina na ga ba na cikinsu, don haka na daina ba kura ajiyar nama. Kuɗin amana ba sa shiga aljihun da nawa suke. Ba sa kwana biyu a hannuna in akwai yadda za a yi. Ina rubutawa a littafi, rana da adadi, kuma maiɗakina ta san duk abin da aka aiko, tana kuma tambaya, ba ta jin nauyina ko kaɗan a wannan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ga sahabbai aka fara faɗar haka, balle ni.

Wasu abokai suna min dariya, wai na mayar da kaina yaron lakkol da littafi da biro. Wani ma ya ce kuɗi a hannun ɗan kasuwa in ba su juya ba asara ce. To, ya juya nasa.

Satin da ya wuce Yaya ya sake aiko jikka 85 na kwanon rufi, karo na farko tun waccan shekarar. Daga wurin karɓa ban biya butik ba, duk da mai kawo min sukari yana jirana da bashin da ya kai kwana goma. Na wuce kai tsaye wurin masu kwano, na saya, na ɗauki hoton takardar na tura masa tun ina tsaye. Canjin dala 30 ya rage. Yana cikin ambulan, na rubuta sunansa a baya.